Allon Rahoto: Inda Shafin Intanet Ke Faɗa Wa Mai Shi Gaskiya

Duk ma'aikacin da ya taɓa cike takardar neman ƙarin girma a shafin intanet, ko ɗalibin da ya taɓa zama gaban kwamfuta domin rajistar jarrabawa, ya san irin takaicin da ke kama mutum sa'ad da ya latsa maɓalli shafin ya yi gum, bai ci gaba ba, bai kuma faɗi abin da ya hana shi ba. Akasarin jama'a kan ɗora laifin a kan rashin ƙarfin sadarwa, su tashi su tafi, su dawo gobe. Alhali kuwa sau da yawa shafin ya riga ya faɗi damuwarsa dalla-dalla, sai dai a wani lungu ya faɗe ta wanda ba kowa ya san da shi ba.

In mutum ya latsa maɓallin F12 a saman allon madannai, manhajojin buɗe shafuka, watau burauza irin su Chrome da Firefox da Edge, za su raba fuskar kwamfuta gida biyu, kayan aikin masu gina shafuka su bayyana a gefe guda. Cikin waɗannan kaya akwai wani fili da Turawa ke kira konsol, wanda za a iya ce masa allon rahoto da Hausa. A nan ne burauza ke rubuta duk wani kuskure da ta ci karo da shi, da jan rubutu, haɗe da sunan fayil da lambar layin da ya jawo shi. A nan ne kuma mai tsara manhaja ke sa manhajarsa ta riƙa ba shi labarin abin da take ciki, ta hanyar wani ɗan gajeren umarni da ake rubutawa console.log. Da wuya a sami umarnin da masu wannan sana'a suka fi rubutawa a yini kamarsa, da wuya kuma a sami wanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Asalin sunan

Kalmar konsol ta girmi intanet nesa ba kusa ba. A zamanin manyan kwamfutoci masu cika ɗaki, cikin shekarun 1950 da 1960, ita ce sunan teburin da mai kula da na'ura ke zama a gabansa, mai ɗauke da fitilu da makunnai, daga baya kuma aka haɗa masa keken rubutu mai amfani da lantarki. Wanda ya fi shahara cikin irin waɗannan kekuna shi ne Teletype samfuri na 33, da ya fito a 1963, yana buga harafi 10 a daƙiƙa guda bisa doguwar takarda mai naɗi. Duk abin da na'ura ke son faɗa wa mutum, a kan takardar nan take buga shi. Shi ya sa har yau, bayan takarda ta kau, masu sana'ar suna cewa sun "buga" saƙo, ko da yake a fuskar gilashi yake fitowa. Ita kuwa kalmar log daga matuƙa jiragen ruwa aka aro ta. Sunan guntun icce ne da sukan jefa cikin teku ɗaure da igiya domin auna saurin jirgi, sa'an nan sunan ya koma kan littafin da ake rubuta sakamakon awon a ciki. Saboda haka ma'anar umarnin ba ta wuce "shigar da wannan cikin littafin rajista" ba, aikin da kowane akawu ya san shi.

Tun a wancan zamani masana suka fahimci darajar wannan dabara. Brian Kernighan, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka wallafa littafin farko na harshen C a 1978, ya rubuta a 1979 cewa babu makamin gano kuskure da ya fi tunani mai zurfi haɗe da umarnin bugawa da aka ajiye a inda ya dace. Shekaru fiye da 40 sun shige, kayan aiki sun yawaita, amma maganar ba ta tsufa ba.

Kafin a sami allon

Harshen da shafukan intanet ke motsi da shi, watau JavaScript, Brendan Eich ne ya tsara shi a kamfanin Netscape na ƙasar Amurka cikin kwanaki 10 a watan Mayun 1995. Abin mamaki, harshen ya fito ba tare da wata tsayayyar hanyar buga saƙo ga mai rubuta shi ba. Wanda ke son sanin abin da manhajarsa ke riƙe da shi sai ya yi amfani da umarnin alert, wanda ke fito da ɗan akwati a tsakiyar fuskar kwamfuta, ya tsayar da kome da kome har sai an latsa an sallame shi. In aka yi rashin sa'a umarnin ya faɗa cikin aikin da ke maimaita kansa sau 500, to, sai mutum ya latsa sau 500, ko kuwa ya kashe burauzar ɗungurungum. Haka aka yi ta fama har kusan shekara 10.

A 2006 ne Joe Hewitt, ɗaya daga cikin waɗanda suka gina Firefox, ya fito da wani ƙarin kayan aiki mai suna Firebug, wanda ya yaɗa console.log da 'yan'uwansa a tsakanin masu sana'ar. Sauran masu ƙera burauza suka kwaikwaya, kowa da irin tasa fahimtar, har daga bisani ƙungiyar WHATWG, mai kula da ƙa'idojin shafukan intanet, ta rubuta wa allon tsari guda da kowa zai bi. Shi Firebug an yi masa ritaya a 2017, bayan da Firefox ta mallaki nata kayan aikin na cikin gida. Har wa yau dai allon rahoto ba ya cikin ainihin dokokin harshen JavaScript. Baƙo ne da ya daɗe har ya zama ɗan gida. Da Ryan Dahl ya fito da Node.js a 2009, wanda ya ba harshen damar aiki a manyan na'urorin da ke ajiye shafuka, sai shi ma ya ɗauki umarnin da sunansa.

Yadda ake tambayar manhaja

Misali ɗaya ya isa ya nuna amfanin abin. A ɗauka an ba wani ɗalibi aikin gina shafin da zai lissafa kuɗin ma'aikaci, a rubuta albashi a gida ɗaya, alawus a gida na biyu, shafi ya tara. Aka rubuta 50000 da 5000, aka latsa, sai shafi ya ce jimla ita ce 500005000, watau naira miliyan 500 da dubu 5. Ɗalibin ya duba umarninsa sama da ƙasa, alamar tarawa ce a wurin, babu wani abin zargi. Burauza kuma ba ta nuna jan rubutu ba, domin a wurinta ba a karya wata doka ba.

A nan ne allon rahoto ke shigowa. Kafin layin tarawa, ɗalibin zai sa layi guda, console.log(typeof albashi), ma'ana a faɗa masa wane irin abu ne ke cikin ma'ajin da ya raɗa wa suna albashi. Amsar da za ta fito ita ce rubutu ne, ba adadi ba. Dalili kuwa shi ne duk abin da aka shigar cikin gidajen takardar shafi a matsayin jerin haruffa yake isa ga manhaja, ko da da lambobi aka rubuta shi, kuma a harshen JavaScript alamar tarawa in ta sami rubutu ba ta lissafi, manna wannan take yi a jikin wancan. Da zarar an gane haka, magani bai fi kalma guda ba: a juya rubutun ya zama adadi da umarnin Number, jimla ta koma 55000. Gani ya kori ji. Abin da awa biyu na zato bai warware ba, layi ɗaya ya warware shi.

Akwai ire-iren wannan da dama waɗanda allon ke tona wa asiri. Wanda ya rubuta 0.1 + 0.2 a cikinsa zai ga amsa 0.30000000000000004, domin kwamfuta da lissafin tushe biyu take aiki, kuma kashi ɗaya cikin goma ba ya rubutuwa daidai a wannan lissafi, kamar yadda sulusi ba ya ƙarewa in an rubuta shi 0.333. Saboda haka ne ƙwararru ke lissafin kuɗi da kwabo, su mai da shi naira a ƙarshe. Haka nan wanda ya tambayi harshen lambar wata zai tarar Janairu 0 ne, Disamba 11, abin da ya sha mayar da ranar haihuwar mutum baya da wata guda a takardun rajista.

Shi console.log yana da 'yan'uwa, kowanne da aikinsa. Akwai console.warn mai fito da gargaɗi da launin rawaya, da console.error mai fito da ja tare da jerin matakan da manhaja ta bi kafin ta iso wurin. Amfanin bambanta su shi ne allon yana da matata, mutum na iya cewa a nuna masa kurakurai kaɗai a ɓoye sauran surutu. Akwai console.table, wanda ma'aikacin ofis zai fi so, domin yana jera bayanai cikin layuka da gidaje kamar takardar biyan albashi. Sai console.time da console.timeEnd masu auna tsawon lokacin da wani aiki ya ci, da console.count mai ƙidaya sau nawa aka bi ta wani wuri, da console.assert wanda ba ya cewa uffan sai sharaɗin da aka gindaya masa ya karye. Wannan na ƙarshe ya cancanci a fi amfani da shi fiye da yadda ake yi, gama ɗan aiken da ba ya magana sai da dalili ya fi wanda ke ba da rahoto a kan kowane taki.

Kuskuren da sababbin shiga suka fi yi shi ne buga adadi tsirara ba tare da suna ba. Bayan minti 10 allo ya cika da 7 da 12 da 0, babu mai iya cewa wanne ne na wane. Wasiƙar da ba ta da lambar fayil ke nan.

Shaidar da ke iya ruɗar alƙali

Ko da yake allon rahoto ba ya ƙarya, yana iya ruɗar wanda bai san halinsa ba, kuma a nan ne ɗalibai da yawa ke ɓata dare. In abin da aka buga ƙunshin bayanai ne, kamar bayanin ma'aikaci mai ɗauke da suna da mataki da albashi, burauza ba ta kwafe shi duka nan take. Takan nuna taƙaitaccen layi da ɗan kibiya a gefe, sai an latsa kibiyar sa'an nan ta je ta karanto abin da ke ciki. To, in manhaja ta canza albashin a tsakanin lokacin bugawa da lokacin latsawa, sabon adadin za a gani, ba wanda ke nan sa'ad da aka buga ba. Sai mutum ya rantse cewa kuskuren ya auku tun kafin layin, alhali a bayansa ya auku. Chrome takan sa wata 'yar alama a gefe domin tunatarwa, amma ƙanƙantarta ta sa ba kowa ke lura da ita ba. Hanyar tsira ita ce a mai da ƙunshin rubutu da JSON.stringify kafin a buga, ko a ɗauki kwafinsa, domin a sami hoton abin kamar yadda yake a daidai wannan lokaci.

Wani abin da ya fi wannan ɗaure kai ya faru a zamanin Internet Explorer na 8, wanda ya fito a 2009, da na 9, wanda ya biyo baya a 2011. A waɗannan biyun, allon rahoto ba ya wanzuwa sam sai an buɗe kayan aikin masu gina shafuka. Mai tsara manhaja, da yake kullum kayansa a buɗe suke, zai gwada shafinsa ya ga kome lafiya lau, ya miƙa aiki. Amma mutumin gari da bai taɓa latsa F12 ba, da zarar manhaja ta iso layin console.log da aka manta a ciki, sai ta nemi allon ta rasa, ta tsaya cik. In aka kai ƙara, mai gyara ya zo ya buɗe kayan aikinsa domin ya ga abin da ya faru, sai cutar ta warke a gabansa, ya koma yana cewa mai ƙarar ne bai iya aiki ba. Layin da aka sa domin neman kuskure shi ne ya zama kuskuren. Sai a Internet Explorer na 10 aka kawar da wannan matsala, ita kanta burauzar kuma kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga gare ta a 2022.

Bugu da ƙari, bugawa tana cin lokaci, kome ƙanƙantarsa. A manhajar da ayyuka biyu ke tsere da juna, ƙarin layi guda na iya jinkirta ɗayansu har kuskuren ya ɓuya, in an cire layin ya dawo. Domin irin wannan ne burauza ke da wani makami na dabam, mai tsayar da manhaja a kan layin da aka zaɓa, a leƙa kowane ma'aji a tsanake, sa'an nan a sake ta ta ci gaba taki ɗaya ɗaya. Ƙwararren mai sana'a yakan riƙe biyun, ba ya raina ɗaya domin ɗaya.

Bakin da aka manta ba a rufe ba

Babban abin da ya kamata shugabannin ma'aikatu su sani game da allon rahoto shi ne ba ɗakin sirri ba ne. Abin da mai tsara manhaja ya gani a cikinsa, duk wanda ya buɗe shafin daga kowace kusurwa ta duniya yana iya ganinsa da latsa maɓalli ɗaya. In a lokacin gwaji aka sa layin da ke buga dukkan amsar da babbar na'ura ta aiko, aka kuma manta ba a cire shi ba, to, lambar waya da lambar asusun banki da duk abin da ke cikin amsar a fili suke. Cire layin ma rabin magani ne, gama bayanin da ya riga ya iso burauza ya shiga hannun baƙo ko an buga ko ba a buga ba. Gyaran gaske shi ne kada a aiko da abin da bai kamata a gani ba tun farko.

Jihar Misuri ta Amurka ta koyi wannan darasi a bainar jama'a. A watan Oktoban 2021 wani ɗan jaridar St. Louis Post-Dispatch ya gano cewa shafin ma'aikatar ilmi ta jihar yana aiko da lambobin shaidar malamai fiye da 100,000 ɓoye cikin rubutun shafin, inda kowa zai iya dubawa. Jaridar ta sanar da hukuma, ta jinkirta labarin har aka rufe ɓarakar. Maimakon godiya, sai Gwamna Mike Parson ya yi barazanar gurfanar da ɗan jaridar bisa zargin kutse. A watan Fabrairun 2022 mai gabatar da ƙara ya ƙi shigar da tuhumar. Ba a fasa wata ƙofa ba, a buɗe aka bar ta.

A ɓangaren manyan na'urori kuwa, inda saƙonnin ke taruwa cikin fayil maimakon su fito a fuskar kwamfuta, ɓarnar takan daɗe ba a lura ba. A watan Mayun 2018 kamfanin Twitter, wanda yanzu ake kira X, ya bayyana cewa wani kuskure ya sa ana rubuta kalmomin sirrin jama'a tsirara cikin rajistar cikin gida kafin a rikita su, ya kuma shawarci masu amfani da shi su kimanin miliyan 330 da su canza nasu. A watan Maris na 2019 Facebook ya amsa irin wannan laifi, wanda ya shafi ɗaruruwan miliyoyin mutane, kuma a watan Satumban 2024 hukumar kare bayanai ta ƙasar Ireland ta ci uwar kamfanin, Meta, tarar yuro miliyan 91 a kan haka. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe: Nijeriya ma ta sami dokar kare bayanan jama'a a watan Yunin 2023, wadda ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su, ma'aikatar gwamnati ce ko kamfani. Saboda haka tambayar ko an share layukan gwaji kafin a ƙaddamar da shafi ba ta masu fasaha kaɗai ba ce, ta shafi wanda ya sa hannu ya karɓi aikin. Abin kuwa ba shi da wuya. Manhajar duba rubutu mai suna ESLint tana da doka ta musamman da ke nuna duk inda aka bar irin wannan layi, kayan da ke matse manhaja kafin a sake ta kuma suna iya tsince su gaba ɗaya in an umarce su.

Allon yana ji kamar yadda yake faɗa

Saura abu ɗaya da ya shafi kowa, har wanda bai taɓa rubuta layin manhaja ba. Allon rahoto ba magana kaɗai yake yi ba, yana kuma karɓar umarni. Duk abin da aka rubuta a cikinsa aka latsa, burauza za ta zartar da shi da cikakken ikon mutumin da ya shiga shafin da sunansa. Ga ɗalibi wannan alheri ne, domin yana da wurin gwaji kyauta a kowace kwamfuta, ba sai ya sayi kome ba. Sai dai burauzar wayar hannu ba ta nuna allon, akan haɗa wayar da kwamfuta ta igiyar USB kafin a gan shi. Ga 'yan damfara kuwa ƙofa ce. Sukan aiko wa mutum wani dogon rubutu da ba ya ganewa, su ce in ya manna shi a allon zai ga masu leƙa shafinsa a ɓoye, ko zai buɗe asusun wani, ko zai sami kyauta. Da ya manna, ya miƙa musu asusunsa da hannunsa.

Wannan ne ya sa duk wanda ya buɗe allon a shafin Facebook zai tarar da gargaɗi da manyan jajayen haruffa yana ce masa ya dakata, kuma da console.log ɗin nan aka buga gargaɗin, aka ƙawata shi da launi. Firefox ta daɗe da hana sabon shiga manna rubutu a allon, Chrome ma ta bi sahu a ƙarshen 2023: in mutum ya yi ƙoƙarin mannawa karo na farko, sai ta ƙi, ta yi masa bayanin haɗarin, ta nemi ya rubuta kalmomin amincewa da yatsunsa kafin ta bar shi ya ci gaba.